Daƙiƙa Taran da Enid Tranter Ta Ƙona

Ranar Alhamis, sha biyu ga watan Fabrairu na shekarar 1987, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, Allah Ya karɓi ran Enid Tranter a asibitin unguwarmu, a yammacin Landan. Shekarunta tamanin da ɗaya. Ina zaune a gefen gadon, riƙe da hannunta na dama, hannun nan mai yatsu biyu a manne, har ma'aikaciyar jinya ta dafa ni ta ce in saki haka nan, an riga an gama.

Ranar Asabar wata jarida ta ba ki layi huɗu, Enid, uku a ciki na shaƙiyanci ne. Wai an yi rashin “matar nan da ta zaunar da mutanen Ingila suna kallon ƙofa”. Na tabbata wanda ya rubuta ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru, ya tarar da manya suna dariya ne shi ma ya kama. A tsaye na karanta a ɗakin girki, kunya ta rufe ni, domin ni kaɗai na rage da na san dalilin ƙofar nan, kuma shekara talatin da shida ina ji ana yi miki dariya ban ce uffan ba. Tsoro ne ya ɗinke mini baki. Yanzu ma da nake wannan rubutu bai sake ni ba, sau biyu ke nan ina tashi in duba sakata, da rana tsaka.

Waɗanda muka yi aiki tare a ɗan kamfanin fim na Larkfield sun san ni da Peggy Lowe, mai manna fim a ɗakin yanka, inda ake yanyanka fim a haɗa shi. Ba sunana ba ne. A jikin allon wani shagon takalma na tsince shi, ranar da na sauka daga jirgin ƙasa a farkon shekarar 1949, da jaka ɗaya da rigar da ke jikina. Na gudo ne daga Hollinbeck, garin masaƙu can arewa, na gudo wa mijina Arnold, mai haska majigi a silimar garin. Duk wanda ya san shi a waje zai ce miki mutumin kirki ne, yana cire wa tsofaffi hula. A gida kuwa ko yana da makulli a aljihu sai ya ƙwanƙwasa ƙofa, sau uku, a hankali, yana barin tazara a tsakani, don in san ya dawo in fara rawar jiki tun kafin ya shigo. Shi ya koya mini manna fim idan ya tsinke. Ranar da na manna masa wani a karkace, ya kama ƙaramin yatsana na dama ya sa a bakin aljihun tebur, ya rufe sannu a hankali yana kallon fuskata. Yatsan ya warke a lanƙwashe. Ya sha gaya mini cewa duk inda na je zai same ni, kuma ba da faɗa yake faɗa ba.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ya kamata a sani, wadda da yawa cikin masu majigi na lokacin suke da ita. Idan fim ya zo hannunsu suka ga mace ta yi musu, sai su yanke hoto biyu ko uku daga jikin zaren fim ɗin, su manne wurin, ba mai lura, tunda hoto ashirin da huɗu ne ke wucewa a daƙiƙa guda. Arnold yana tara nasa a akwatin ashana. Ba kallon fim yake yi kamar sauran mutane ba. Yakan ja zaren da hannu, ya ɗaga shi saitin fitila, ya bi hoto ɗaya bayan ɗaya.

Manna fim ita ce sana'a ɗaya da na iya, shi ya sa na zo ƙofarki. Na tarar da ke a wannan ƙuntataccen ɗaki mai warin gam, kin sa farar safar hannu, gilashi a ƙarshen hanci. Ba ki tambaye ni takarda ba. Kika miƙo mini reza da guntun zare biyu, na kankare na manna, kika ɗaga kika duba, sannan kika kalli yatsan nan na ɗan lokaci.

“Wa ya koya miki?”

Na ce, “Wani mutum.”

“Wani mutum ya iya aiki. Allah wadaransa. Ki zo Litinin, kuma idan na ga ashana a jakarki, ta taga za ki fita.”

Ba ki sake tambaya ba, har abada. Amma kafin mako ya ƙare kin lura ba na iya zama na ba ƙofa baya, sai na zo na tarar kin ja teburinki kin juya nawa, kika ce haske ne ke damun idonki. Kin lura ba ni da katin rabon abincin nan na bayan yaƙi, kika riƙa raba sukarinki gida biyu kina cewa likita ne ya hana ki. Da kika ga inda nake kwana, kika ce akwai ɗakin baya a gidanki da ɓeraye suka ƙi, ko zan gwada. Masifarki kuwa ba ta da na biyu. Ni kaina sau nawa kika kira ni “hannun katako” a gaban mutane. Sai dai ban taɓa jin tsoron faɗanki ba, don na san faɗa na gaske ba shi da ƙara.

A watan Yunin 1950 aka fara fim ɗin, Shaida Daga Titin Tanner. Irin finafinan nan ne na share fage, waɗanda ake sa wa mutane kafin babban fim, suna ta shigowa suna neman kujera suna buɗe takardar alewa. Labarin kisan kai ne a gidan haya, da wata ƴar aiki da ta ga makashin. Mista Varley, wanda shi ne mai kamfanin kuma shi ne darakta, ya yanke mana kwana sha ɗaya. Kowane fage sau ɗaya ake ɗauka, ko ɗan wasa ya yi tari a tsakiya, an wuce. Kuma al'adar gidan ce kowa sai ya shiga gaban kamara: kafinta ya fito a ɗan sanda, mai dafa mana shayi ta yi gawa sau biyu a fim guda, da hula daban-daban.

Rana ta tara, yarinyar da za ta fito a ƴar aikin ba ta zo ba, ta sami wani aikin da ya fi. Kina can wurin masu wanke fim a ranar, Enid. Da kina nan da ba a yi ba. Mista Varley ya leƙo ɗakinmu, ya auna ni da ido, ya ce rigar za ta yi mini.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ban iya ba.”

“Wa ya ce miki iyawa ake nema? Ƙeyarki kawai nake so, ƴar nan. Ki tsaya, ki kama mariƙin ƙofa, a ƙwanƙwasa, ki saki. Ko karen gida zai yi, rigar ce ba za ta shige shi ba.”

Ƙeya ce kawai, na ce wa kaina, wa ke gane mutum ta ƙeya? Kuma ina tsoron in ƙi a tambaye ni dalili. Na tsaya, aka kunna fitilu, na kama mariƙin. Daga bayan ƙofar katakon nan ta ƙarya, wanda ya fito a makashi ya ƙwanƙwasa. Sau uku. A hankali. Da tazara a tsakani.

Ban san na juyo ba. Abin da na sani shi ne ina neman hanyar gudu, kuma inda na juyo kamara ce. Mai ɗauka ya matso da ita har gaban fuskata, ni kuwa ba na ganinsa, Arnold nake gani yana goge takalmi a bakin ƙofa. Daƙiƙa tara aka yi a haka. Da Mista Varley ya ce a tsaya, sai ya buga cinya ya ce, “Kai! Wannan yarinya a ina kuka ɓoye ta?” Na fita bayan gida na amayar da duk abin da ke cikina.

Na yi ta fatan abin ya ɓace a cikin tarkace. Ina! A watan Agusta aka haska kwafin farko ga masu silima da ƴan jaridar sana'a, da ƙarfe goma na safe. Mujallar da kowane mai majigi a ƙasar nan ke karantawa ta rubuta cewa fim ɗin ba shi da kai ba shi da gindi, amma akwai wata yarinya da ba a sa sunanta ba, wadda fuskarta ta fi duk abin da aka nuna a bana ban tsoro, kuma ya kamata a nemo ta. Mista Varley ya shigo da mujallar yana rawa. Ya ce fuskata za a sa a fosta, babba, a ƙofar kowace silima. Ba a ɗauki hotona daban ba, saboda haka daga jikin uwar fim za a ciro, wato asalin zaren da ake wanke dukkan kwafi daga gare shi, wanda guda ɗaya ne tak a duniya.

Ya fita, na zauna a ƙasa. A nan na gaya miki komai, Enid, da ƙwanƙwasar, da aljihun teburin, da akwatin ashanar. Na ce miki fim ɗin zai bi silima-silima har ya isa Hollinbeck, a hannun Arnold zai sauka, zai haska shi sau uku a rana har kwana shida, ga sunan kamfanin a farkon fim ɓaro-ɓaro. Na ce ƙafafuna sun gaji, ban da wani wurin gudu kuma. Kika saurara har na gama, kina goge gilashinki. Abin da kika ce kawai shi ne, “Tashi ki je ki ci abinci. Kar ki dawo sai ƙarfe biyu.”

Saboda rowar kamfanin, ke ce ke yanka uwar fim ma da hannunki, tana cikin gwangwanaye a ɗakinmu. Kika ciro daƙiƙa taran nan daga uwar, kika ciro su daga kwafin da aka haska, kika tattara har guntayen da suka faɗi a kwando, kika zuba a bokiti a tsakar filin baya. Wanda bai san fim ɗin wancan zamani ba ba zai gane ba: ba ci yake yi da wuta ba, tashi yake yi, kuma ko cikin ruwa aka tsoma shi ba ya mutuwa. Kin fi kowa sani. Duk da haka zaren ya yi tsalle ya naɗe miki hannu, safar audugar ta kama. Da na dawo ƙarfe biyu an riga an tafi da ke asibiti, filin yana warin da har yau ban manta da shi ba.

Kika gaya wa Mista Varley cewa taba kika kunna kina aiki. Ke da ba ki taɓa kai taba bakinki ba, ke da kike caje jakar mutane neman ashana! A sana'armu babu laifin da ya kai wannan, wanda ya yi shi ba ya sake shiga ɗakin yanka a ko'ina. Ya zage ki a gaban gadon asibiti har aka fitar da shi. Ya so a sake ɗauka, to an rushe ɗakin katakon tuni, ɗan wasan ya tafi wani gari, ni kuma kin aika a ce ina kwance da ciwon huhu. Dole a cike gurbin daƙiƙa taran, in ba haka ba sauti zai saɓa da hoto har ƙarshen fim. Abin da ya rage a gwangwani shi ne wani guntu da mai kamara ya ɗauka yana gwada haske: ƙofar, ita kaɗai, a rufe. Kina kwance kika gaya mini inda yake, da aka haƙura da sake ɗaukar, ni na koma na manna shi da hannuna.

A watan Oktoba aka haska wa manyan masu sharhin fim, kika ce sai mun je. Muka zauna a layin ƙarshe, hannunki a naɗe. Aka zo wurin, kiɗa ya tashi, aka ƙwanƙwasa, sai ga ƙofa. Ƙofa, ƙofa, har yanzu ƙofa. Wani ya fara dariya a gaba, ɗakin ya ɗauka. Ni ban ji dariyar ba, domin kafin ƙofar akwai daƙiƙa biyu da ni da ke muka bari: hannuna a kan mariƙi. A ɗan injin da muke duba fim a ɗakin yanka, hoton bai wuce faɗin akwatin ashana ba, hannu ne kawai kamar na kowa, mun wuce shi sau ba adadi muna neman fuska. A farin allon silima kuwa, lanƙwasasshen yatsan nan ya kai tsawon mutum. Na ji kin ja numfashi a gefena. Kwafi arba'in an riga an wanke, an ɗora su a jirgi.

Masu sharhi suka yi abin da suka iya. Hubert Lisle, wanda a lokacin idan ya yi tsaki fim ya mutu, ya rubuta cewa a cikin dukan ƴan wasan ƙofar ce kaɗai ta san aikinta, ya ce a ba ta lambar yabo, ita kuma Mis Tranter da ta haɗa fim ɗin a nema mata aiki a shagon kafinta. Wani ya ji labarin tabar ya ƙara da nasa. Ba su saba kama sunan mai yanka fim ba, amma naki sai da suka kama, sau uku a mako guda. Na kawo miki jaridar ina kuka, kika karanta har ƙarshe kika ce, “Wannan mutum ya iya rubutu, ɗan banza. Ajiye mini, za mu naɗe kifi.”

Mujallar sana'a tana buga jerin garuruwan da fim zai je, mako-mako. Na riƙa bin jerin da yatsa ina ganin yana hawa arewa. Hollinbeck, mako mai farawa Litinin sha uku ga Nuwamba. Allah kada Ya maimaita wa kowa irin makon nan. Ƙarfe biyu na rana ta yi, in ce yanzu ya ɗora faifai na huɗu. Yanzu hannuna yana kan allo. Yanzu yana ja da baya yana ɗagawa saitin fitila. Ban ci ba, ban leƙa waje ba, mai kawo madara ya ajiye kwalba sai in tashi in duba sakata. Kika yi ta dafa mini romo da hannu ɗaya kina zagina in sha.

Makon ya wuce. Ranar Lahadin da ta biyo, wajen ƙarfe uku, kika kora ni filin baya in shanya zannuwan gado, wai zaman tsoro ba ya busar da wanki. Ina can na ji kamar an taɓa ƙofar gaba, iska tana kaɗa zannuwa ban ji sosai ba. Na daskare da abin maƙale kaya a baki. Bayan wani lokaci kika leƙo kika ce masu wa'azi ne, kin kore su. Na yarda, don ina son in yarda. Wata ya wuce, shekara ta wuce, ba wanda ya zo, na ce ashe bai gane ba.

Ke kuwa ba ki sake yanka fim ba. Shekara ashirin kika yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani kamfanin rarraba finafinai, kina duba tsofaffin kwafi da suka dawo daga silima, kina laluben tsaga da yatsu uku. Mata nawa kika koya wa aiki a wurin nan, suka fita suka yi suna, wasu a bayan idonki suna kiranki Mis Ƙofa. Kina ji. Da aka fara sa fim ɗin a talabijin cikin jerin finafinan da ake kallo don a yi dariya, sai ki ja kujera ki zauna, ki ƙirga daƙiƙun da ƙarfi, ɗaya har tara, ki ce, “Mannin nan ya yi kyau, Peg, ko alama babu.” Sau biyu na ce miki zan faɗi gaskiya. Na farko kika ce in rufe miki baki. Na biyu kika ce, “Kin ji labarin mutuwarsa ne?” Na ce a'a. Kika ce, “To.”

Kwana uku kafin rasuwarki, da rana, bayan an kwashe kwanukan abinci, kika ce in matso, kika tuna mini ranar Lahadin nan ta shanya. Kika ce ba masu wa'azi ba ne.

Shi ne. Sunanki ya gani a jarida, maigadin kamfanin ya kwatanta masa gidan. Kika ce tun daga ƙwanƙwasar kika gane shi. Kika buɗe, ga mutum tsaf-tsaf, hula a hannu, ya gaishe ki da ladabi, ya ciro akwatin ashana, ya ɗaga guntun fim saitin haske, hoto huɗu.

“Mis Tranter, don Allah hannun wace ce wannan?”

Kika zare safar, kika miƙa masa hannunki har gaban hanci, da fatar da ta tattare da yatsun da suka manne. “Nawa ne, kafin wuta ta ci shi. Ba mu da kuɗin ɗaukar ƴar wasa. Ba ka karanta jarida ne? Ni ce sakaryar nan da ta sha taba a kan fim.”

Kika ce ya daɗe yana kallon hannun, yana kallon hoton. Sannan ya ɗaga kai ya dubi bayanki, inda kofi biyu suke a kan tebur.

“Kina da baƙi, na ga alama.”

“Ƙanena ne, ɗan dambe, yana barci a sama. In taso maka shi?”

Ya yi murmushi, ya mayar da guntun cikin akwatin, ya sa hularsa. A bakin matakala ya juyo ya ce, “Idan kin haɗu da mai irin yatsan nan, ki ce mata mijinta yana gaishe ta, kuma bai gaji ba.” Taku goma sha biyar ne tsakaninsa da ni, da ƙofar kicin a buɗe.

Na ce, Enid, don me ba ki gaya mini ba? Kika ce, “Da kin gudu. Ina za ki? Kuma wa zai wanke mini kwanuka?” Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Ni ban yi dariya ba. Na fito asibitin na kasa tsallaka titi, duk tsohon da ya cire hula sai in ja da baya.

Ban san ko Arnold yana raye ba. Idan yana nan, shekararsa saba'in da ɗaya, kuma saba'in da ɗaya ba tsufan da zai hana mutum shiga jirgi ba ne. Ban taɓa bincika ba, don mai bincike shi ma sawu yake bari. Wannan takarda kuwa ba jaridar da ta yi miki dariya zan aika wa ba. Mujallar ƙungiyarmu ta ma'aikatan fim zan aika wa, wadda ake kai wa kowane tsohon mai majigi har gida, domin a cikin mutanenmu aka ɓata miki suna, a cikinsu kuma nake so a wanke shi. Na san abin da hakan ke nufi. Da kina da rai da kin yaga takardar kin kira ni hannun katako. To ba kya nan, Enid, wannan karon ba ki da ta cewa.

Ku da kuka yi dariya, ban ce ku daina ba, fim ɗin ba na kirki ba ne, ita ma ta sani. Amma ku sani Enid Tranter ba ta taɓa shan taba ba, ba ta taɓa yin sakaci da ko taƙi ɗaya na fim ba. Ƙofar nan da kuka gani, mace ce a tsaye a bayanta, an rufe ta ne don kada a same ta.

Ya Ubangiji, Ka jiƙan baiwarKa Enid, Ka gafarta mata kurakuranta, har da ƙaryar tabar da ta ɗan damben, don ni ta yi su, a kaina Ka rubuta su. Ka sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya mini rai, Ka mayar mata da hannunta lafiyayye a inda ta tafi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sheila, ƴar ƙanenta, wadda ta yi ta zirga-zirgar asibiti ba gajiya, da ƴaƴanta, da dukan matan da suka koyi riƙon reza a hannun marigayiya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa mu cika da kyau.

Har yanzu ina gidan, Enid, ɗakin bayan nan da ɓeraye suka ƙi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Idan an ƙwanƙwasa sau uku, babu ke da za ki tura ni shanya. Ni zan buɗe.

Ni ce,
Nora Thackray, ƴar Hollinbeck, mai lanƙwasasshen yatsa.